A riƙa ɗanɗana shayin nan kafin a yabe shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah a ɗan bani fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, wato shayi, musamman irin ganyen nan da ake sayarwa a zube ana ɗiba da cokali ba wanda aka ƙulle cikin 'yar jaka ba, wanda ake cuɗawa da furanni da ɓawon 'ya'yan itace da kayan ƙamshi, da kuma ɗan'uwansa da babu ganyen shayi ko ƙwaya ɗaya a ciki sai tsirrai zalla. Abin da ya tunzura ni shine duk inda aka taɓo maganar irin wannan abin sha, a jarida ne ko rediyo ko a waya, to maganar magani ce kawai, wannan yana rage tumbi, wancan yana sa barci, wancan yana wanke ciki, babu mai cewa uffan kan ko abin yana da daɗi a baki ko bashi da shi, alhali abin sha ne fa, kuma yawancin masu sayensa ba ciwo ne ya kai su ba sha'awa ce.

Kuma in ka lura da hanci da ido mutane suke sayen ganyen nan. A buɗe maka gwangwani ƙamshi ya daki fuskarka, kaga ga jan fure ga shuɗi ga ɗan yankan lemu ga wani abu mai kama da alewa, a jikin takarda an rangaɗa masa suna irin na soyayya, shikenan ka gama yanke hukunci ka miƙa kuɗi. Kaje gida ka zuba ruwan zafi ɗaki ya gauraye da ƙamshi har na waje ya tambaya me ake dafawa, ka kai kofi baki kaji ruwa ne salam sai wani ɗan ɗaci can ƙasan maƙogwaro. Daga nan sai a hau loda sukari, to ai sukarin ake sha a lokacin, kuma gobe mutumin nan zai ce maka shayin ya yi daɗi. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Shayi na asali daga bishiya ɗaya yake fitowa, Camellia sinensis, baƙin shayi da kore da fari da wanda ake kira ulon duk ganyenta ne, sarrafawa ce ta raba su. Shi kore da zarar an tsinko ake ɗumama shi da sauri don kada ya juya, baƙi kuma a murza shi a barshi iska ta ratsa shi har ya yi duhu. To wannan ganyen in ya bushe yana da wata ɗabi'a, duk warin da ke kusa dashi sai ya zuƙe, mai daɗi ne ko marar daɗi, kuma a kan wannan ɗabi'ar aka gina sana'ar ƙamsasa shayi gaba ɗaya. Mafi kyawun misali shine shayin yasmin na ƙasar Sin, wanda yankin birnin Fuzhou a lardin Fujiyan ya yi suna a kai. Da rana ake tsinko furen tun yana ƙulle bai buɗe ba, sai dare ya yi ya fara buɗewa yana sakin ƙamshi sannan a cuɗa shi da ganyen a barsu su kwana tare, da safe a tankaɗe furen a cire shi a sake busar da ganyen saboda ya sha laima, daren gaba a kawo sabon fure a sake. Mai kyau sosai ana maimaita masa haka sau da dama, har sau bakwai ma. Abin da zai baka mamaki shine in an gama duk wannan wahalar kusan ba zaka ga fure a ciki ba, an kwashe, domin furen da ya gama ba da ƙamshinsa bashi da sauran amfani. Kenan wanda ka gani cike da busassun fararen furanni yana ɗaukar ido ba lallai shine mai kyaun ba, sau da yawa ma ado aka barbaɗa masa a kan ganyen da aka fesa wa mai. Shi na gaskiya in ka sha zaka ji ƙamshin yana cikin ruwan ne, yana tafiya tare dashi har ka haɗiye, ka sake zuba ruwa karo na biyu da na uku yana nan.

Akwai kuma wanda da hayaƙi ake ƙamsasa shi, Lapsang souchong na duwatsun Wuyi, shima a Fujiyan, ana busar dashi kan hayaƙin wani itace mai ƙaro da ake kira fayin. Wannan babu tsaka-tsaki a kansa, ko kaso shi ko ka tsane shi, ni dai ina cikin masu so amma bana tilasta wa baƙo.

Sai wanda ake haɗawa da kaya na zahiri da kana iya ganinsu ka taɓa, citta da kirfa da kanumfari da ɓawon lemu da na'a-na'a, ko gasasshiyar shinkafa kamar yadda mutanen Jafan suke yi da koren shayinsu su kira shi genmaica, wanda yake ba da wani garɗi mai kwantar da rai. Waɗannan ba su cika tashin hankalin hanci ba in suna bushe, sai ruwan zafi ya taɓa su suke magana.

Amma mafi yawan abin da ke cika kasuwar duniya yanzu wanda aka fesa wa man ƙamshi ne, filebo kenan, ana zuba ganyen cikin wani babban abu mai juyawa a fesa man a juya har ya game ko'ina. Kuma kada a fahimce ni baibai, fesa mai shi kansa ba laifi bane. Earl Grey da duniya ta sani haka ake yinsa, baƙin shayi ne da man bagamot, wani irin lemu mai tsami da ɗaci da ba a shansa haka nan sai dai a matse man da ke ɓawonsa, kuma mafi yawansa daga gaɓar Kalabriya a kudancin Italiya yake fitowa. Sunan kuwa na Charles Grey ne wanda ya yi firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. In aka samu ganye mai ƙarfi aka sa man daidai wa daida wallahi abu ne mai daɗi, ganyen yana riƙe da man, man yana ɗaga ganyen. Inda matsalar take shine lokacin da aka ɗauko ganyen da ya kwana biyu ya mutu, ko wanda tun asali bashi da kirki, aka tula masa filebo don a rufe asirinsa, kamar wanda ya fesa turare a rigar da ba a wanke ba. Irin wannan shine yafi kowanne ƙamshi a gwangwani kuma shine yafi kowanne lami a kofi.

Waɗannan shuɗayen furanni da rawaya da ake gani a ciki, kusan babu abin da suke ƙarawa a baki, don ido aka sa su. Hatta 'yan gutsattsarin sitiroberi ko mangwaro da kake gani jefi-jefi, ɗanɗanon da kake ji ba daga su yake zuwa ba, sun yi kaɗan kuma busasshen ɗan itace baya sakin wani abin kirki cikin minti huɗu. Mutum ya juya bayan fakitin ya karanta jerin kayan da aka haɗa, domin ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi itace a fara rubuta wanda yafi nauyi a ciki sannan mai bi masa har zuwa mafi ƙanƙanta. Zaka ga shayin da aka zana wa hoton sitiroberi ƙato a gaba, a baya na farko busasshiyar tuffa ce, na biyu soɓorodo, na uku 'ya'yan wardi, sai filebo, shi sitiroberin yana can ƙarshen layi da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Tuffa ce ke cika awo, soɓorodo ke ba da ja da tsami, filebo ke ba da suna. Kuma ko an rubuta cewa ƙamshin daga halitta aka samo shi ba haɗin ɗakin gwaji bane, wannan baya nufin daga ɗan itacen da ke jikin hoton aka ciro shi. A Tarayyar Turai dokar da suka yi a 2008 ta ce sai in aƙalla kashi 95 cikin ɗari na sinadarin ƙamshin daga sitiroberi ya fito sannan za a ambaci sunan sitiroberi a ce nasa ne na halitta, in ba a ambaci sunan ba to daga kowane tsiro ma yana iya fitowa.

Shi soɓorodon nan ina da ƙorafi a kansa a cikin haɗe-haɗe, ba don bashi da daɗi ba, a'a, shi dai baya zama da kowa lafiya ne. Ko kaɗan aka sa sai ya danne sauran, shi yasa zaka sayi kala biyar masu suna daban-daban duk ka dafa su fito ja jawur da tsami iri ɗaya, in aka rufe maka ido ba zaka iya raba su ba. Mai haɗin da ya san aikinsa ɗan ƙanƙani yake sawa don ya farkar da baki, wanda bai sani ba ko yake son arha shi yake cikawa.

To yaya ake ɗanɗanawa? Masu wannan sana'ar a kamfanoni suna da ƙa'ida rubutacciya, ISO 3103 da aka fitar tun 1980, giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na ruwa, ruwan da ya tafasa yanzun nan, a 'yar farar buta ta tangaram mai murfi, a barshi minti 6 cif. Wannan ba don daɗi aka tsara shi ba, ya yi kauri da yawa ga mai sha, an yi ne don kowane ganye ya sha wahala iri ɗaya aibinsa ya fito fili. Mu na gida ba sai mun bi ta haka ba amma hikimar da ke ciki ita ce abin ɗauka, wato komai ya zama ɗaya sai ganyen kawai ya bambanta. Kofuna iri ɗaya, farare a ciki don kaga launin ruwan da kyau, ruwa daga tukunya ɗaya, lokaci ɗaya. Kuma a nan cokali yana yaudara sosai, cokali ɗaya na furen babunaj, wanda Turawa suke kira chamomile, iska ne kawai bashi da nauyi, cokali ɗaya na haɗin 'ya'yan itace kuma ya ninka shi sau nawa, wanda yake da ɗan ƙaramin sikeli na kicin ya auna yafi. Sannan a girgiza gwangwanin kafin a ɗiba domin ƙananan abubuwa da masu nauyi ƙasa suke gangarawa, in ba haka ba kofin farko ganye zalla zaka sha na ƙarshe kuma kanumfari zalla.

Kar a haɗa fiye da kala uku ko huɗu a zama ɗaya, baki yana gajiya. A fara da mai sanyin hali a ƙare da mai ƙarfi, duk mai na'a-na'a ko hayaƙi ko kanumfari ya jira ƙarshe don in ya riga shiga baki ya gama da sauran. Kuma babu sukari babu madara babu zuma a kurɓar farko, wannan ita ce maganar da nasan za a yi min gardama a kai amma babu yadda za a yi ka san abu alhali ka rufe shi, bayan ka san shi ka zuba abin da kake so ai bakinka ne.

Da an tsiyaye ruwan kafin ma ka kurɓa, ka sunsuna jiƙaƙƙen ganyen da ya rage a rariya ko murfin butar tun yana tururi. A nan gaskiya take fitowa. Ganye mai rai zaka ji yana da nasa ƙamshin a ƙarƙashin wanda aka sa masa, mataccen kuwa warin jiƙaƙƙiyar takarda ko tsohuwar ciyawa yake yi. Ka kuma buɗe shi da yatsa ka duba, ganye ne ya warware ya buɗe ko kuwa itatuwa ne da gari. Sannan ka ɗebo ruwan da cokali ka zuƙe shi da ƙarfi tare da iska har ya yi ƙara, eh babu kyan ji a gaban mutane amma haka ƙwararrun suke yi kuma da dalili, harshe zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da ɗanɗanon romo kawai yake ganewa, duk sauran abin da muke cewa ɗanɗanon lemu ne ko banila ko kirfa hanci ne yake kama shi ta baya, ta cikin maƙogwaro, zuƙar iskar nan ita ke tura ƙamshin can. Wanda yake shakka ya toshe hancinsa ya kurɓi shayin mangwaron nan nasa, zai ji mangwaro ya ɓace ɓat, abin da ya saura a bakinsa shine ainihin abin da ya saya. In abin da ya saura yana da jiki, yana da ɗan zaƙi na kansa, yana cika baki, to madalla. In ruwan ɗumi ne kawai ya rage to ya san inda kuɗinsa ya tafi.

Ɗaci daban bauri daban, mutane suna yawan haɗa su. Ɗaci ɗanɗano ne da harshe yake ji, bauri kuwa shine ɗaurewar nan da baki yake yi ya bushe kamar ka ci ɗanyen ɗan itace, sinadaran da ke cikin ganyen ne suke kama yawun baki su rage masa santsi. Ɗan bauri kaɗan a baƙin shayi abin so ne shi ke sa kaji ka sha wani abu, amma in ya yi yawa to ko ruwan ya yi zafi fiye da kima ko an barshi ya daɗe. Akwai kuma wani ɗaci na daban mai kama da sabulu ko turare da yake maƙalewa a ganɗa ya ƙi tafiya, wannan kam na filebo ne da aka cika, rage minti baya gyara shi.

Kar kuma a yi saurin yanke hukunci da zafinsa. A bar rabin kofin ya huce a dawo masa, zafi yana ɓoye aibi da yawa, mai kyau in ya huce zaƙinsa ƙara fitowa yake, marar kyau kuma sai kaji kamar magani. Amma gwajin da na fi yarda dashi shine ruwa na biyu. Ka sake zuba ruwan zafi kan ganyen nan da ka riga ka tace. Man da aka fesa a saman ganye yake zaune, ruwan farko yake wanke mafi yawansa, saboda haka kofi na biyu shi ke nuna maka ganyen tsirara. In har yanzu ana iya sha da daɗi to mai haɗin ya sa ganyen kirki, in kuma ya koma ruwan banza to dama can babu komai a ƙasa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shine akwai haɗin da tun daga tushe auren dole ne. Koren shayi ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80 yake so, minti 2 zuwa 3, ka wuce haka ya yi maka ɗaci da bauri. Busasshiyar citta da ɓawon kirfa kuwa itace ne, tafasasshen ruwa suke so da kamar minti 10 kafin su saki abin da ke cikinsu. To an zuba su gwangwani ɗaya wa zaka bi? In ka bi koren ganyen kirfa bata farka ba, in ka bi kirfa ganyen ya lalace. Saboda haka in ka dafa irin wannan minti biyu kaji kirfa ta cika baki, ka sani ba daga 'yan ɓawon da kake gani ta fito ba. Baƙin shayi yafi juriya, yana ɗaukar ruwa tafasasshe da minti 3 zuwa 5 shi yasa kayan yaji suka fi zama dashi. Wanda yafi kowa haƙuri kuma shine ruibos, wani tsiro na yankin duwatsun Cederberg a Afirka ta Kudu, bashi da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, kuma baurinsa kaɗan ne, ka manta dashi minti goma sha biyar a buta ba zai yi maka ɗaci ba, shi yasa banila da ɓawon lemu da kirfa suke samun lokacin da suke buƙata a tare dashi. A 2021 Tarayyar Turai ta yi wa sunan rajistar kariya, sai wanda aka noma a wasu keɓaɓɓun yankuna na Afirka ta Kudu ne za a sayar da sunan a ƙasashensu.

Na san akwai masu tsattsauran ra'ayi da suke ganin duk wanda ya sa wani abu a shayi ya ɓata shi, kuma wannan faɗan ba yau aka fara ba. Lu Yu, mutumin ƙasar Sin da ya rubuta littafin farko da aka sani kacokan a kan shayi wajen shekara ta 760 zamanin daular Tang, ya caccaki mutanen lokacinsa da suke dafa shayi da albasa da citta da ɓawon lemu da na'a-na'a da wata irin magaryar ƙasarsu, ya kwatanta abin da ruwan kwata. Amma shi kansa yana ɗan barbaɗa gishiri a nasa, kaga kenan kowa da nasa haɗin. Ni ban tare da su, shayi mai ƙamshi yana da wurinsa kuma wasu ganyen ma sai da abokin tafiya suke yin kyau, abin da nake faɗa kawai shine ganyen da ke ƙasa ya zama wanda zai iya tsayawa da ƙafarsa.

A ɓangaren tsirrai zalla kuwa ido yana taimakawa fiye da can. Babunaj mai kyau, wanda Masar take cikin manyan masu nomansa, zaka ga kawunan furen a ɗaiɗaikunsu rawaya da 'yan fararen ganye, ƙamshinsa kamar tuffa da zuma, wanda ya zama gari kuwa ɗanɗanon busasshiyar ciyawa ne dashi kuma shi yasa da yawa suke cewa basa son babunaj, basu taɓa haɗuwa da na kirki bane. Na'a-na'a ma kala biyu ce aka fi sawa, akwai mai yawan sinadarin mentol da take sanyaya baki har hanci, akwai mai laushi da ɗan zaƙi wadda tafi zama lafiya da koren shayi, in ba a rubuta wacce bace baki zai gaya maka. Duk waɗannan tafasasshen ruwa suke so da minti 5 zuwa 10, a kuma rufe kofin, domin man da ke ba su ƙamshi da tururi yake guduwa, ɗigon ruwan da ya taru a murfi ma a mayar dashi ciki. Hukumar BfR ta Jamus mai tantance haɗarin abinci ma tafasasshen ruwa take ba da shawara ga shayin tsirrai, saboda busasshen tsiro ɗanyen amfanin gona ne yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Akwai wani zaƙi da yake zuwa a makare, ka haɗiye sannan kaji ya taso can maƙogwaro ya zauna, alhali an rubuta babu sukari. Wannan saiwar wani tsiro ce mai suna likoris yawanci, sinadarin da ke cikinta yafi sukari zaƙi sau 30 zuwa 50, kuma masu haɗi suna sonta don tana rufe ɗacin sauran tsirrai. A nan zan ɗan taɓo lafiya duk da ba ita ta kawo ni ba. Yawan shan likoris kullum yana ɗaga hawan jini yana rage fotasiyam a jiki, mai hawan jini da mai juna biyu su duba jerin kayan kafin su mayar dashi abin kullum. Waɗanda ake tallatawa da sunan rage ƙiba ko wanke ciki da yawansu ganyen filasko ne a ciki, zawo yake sawa, abin da sikeli ya nuna ya ragu ruwa ne ba kitse ba. Tsiron St John's wort da ake sawa cikin wasu na kwantar da hankali yana rage ƙarfin magunguna da dama, har da ƙwayar tazarar haihuwa da wasu na tsinka jini da wasu na ƙanjamau. Kuma ba duk na tsirrai ne babu kafeyin ba, yerba mate na Kudancin Amurka yana dashi sosai, wanda ya sha shi da dare yana jiran barci zai daɗe yana jira.

Ruwa ma yana da nasa hannun, mai warin kulorin ko mai yawan ƙasa-ƙasa da ke barin farin abu a gindin buta yana kashe ƙamshi ya dusashe launi, kafin a zagi ganye a gwada shi da wani ruwan. Ajiya kuma gwangwani mai rufuwa ruf, nesa da rana da zafin murhu da kayan miya, kwalba mai haske tana da kyau a kanta amma haske yana cinye ganyen. Kowane kala da mazubinsa, rariyar roba da ta taɓa na'a-na'a ko mai hayaƙi ta riƙe warin kenan, ta ƙarfe tafi. Kuma masu filebo basa jimawa, watanni kaɗan bayan buɗewa zaka ji ƙamshin ya fara ja da baya musamman masu lemu, shi yasa sayen kaɗan-kaɗan yafi sayen buhu.

Roƙona gare ku Malam Edita, tunda kuna ba maganar abinci da abin sha fili lokaci-lokaci, a samu wanda zai riƙa dafa irin waɗannan da kansa ya sha babu sukari ya gaya mana abin da yaji tsakani da Allah, maimakon kwafo jerin amfani goma sha biyu da babu wanda ya gwada. Su kuma masu sayarwa a riƙa tambayarsu abu uku, wane ganye ne a ƙasa kuma daga ina, ƙamshin daga kayan da ke ciki ne ko fesawa aka yi, sannan yaushe aka haɗa shi ba yaushe zai lalace ba. Kuma su yarda su riƙa sayar da ɗan kaɗan na gwaji, giram 10 ma ya isa kofi huɗu ko biyar, mutum ya je gida ya yi ruwa na farko da na biyu kafin ya dawo ya sayi babba.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
Daga wani mai karanta jaridarku